Darasin Turanci: Ɗafa-ƙeyar -or da Asalinta

Manomi ya san tarakta, fasinja ya san kwandasta, mai shago ya san janareto. Duk waɗannan kalmomi daga Turanci Hausa ta aro su. A rubutun Turanci kuwa, ƙarshensu iri ɗaya ne: tractor, conductor, generator. Haka ma gwamna da darakta da sufeto, wato governor, director, inspector.

Waɗannan haruffa biyu, o da r, su ake kira ɗafa-ƙeya, domin a ƙeyar kalma ake liƙa su. Ma'anarsu ita ce mai yin wani aiki, mutum ne ko na'ura. Hausa ma tana da irin wannan dabara. Daga noma ake samun manomi, daga ɗinki maɗinki, daga buɗewa mabuɗi. Bambancin shi ne Hausa tana sa ma- a goshin kalma.

Asalin -or daga Latin ne, harshen Rumawan dā na ƙasar Italiya. A shekarar 1066 Normawa daga Faransa suka ci Ingila da yaƙi, suka shigo da Faransanci, wanda daga Latin ya samo asali. Ta nan kalmomi masu yawa suka shiga Turanci. Wasu kuma malamai ne suka ɗauko su kai tsaye daga littattafan Latin.

Ga misalai. A Latin trahere na nufin ja, saboda haka tractor shi ne mai ja. Movere na nufin motsawa, motor kuwa mai motsarwa, daga nan aka sami mota. Docere na nufin koyarwa, don haka ma'anar doctor ta farko malami ce, kafin ta koma kan likita. Gubernator kuma shi ne matuƙin jirgin ruwa, shi ya zama gwamna.

Amfanin wannan a fili yake. Wanda aka miƙa wa takardar rance ya ga guarantor, zai gane cewa sunan mutum ake nema, wato wanda zai tsaya masa, kuma shi za a bi bashin in an kasa biya. Debtor shi ne wanda ake bi, creditor mai bin bashi. Kada a sa hannu sai an tabbatar da gurbin da aka rubuta sunan mutum.

A kula da abu biyu. Turanci yana da tasa ɗafa-ƙeyar ta gado mai wannan ma'ana, wato -er, kamar a teacher da driver. Lafazinsu ɗaya, rubutunsu daban. Sannan ba kowace kalma mai ƙarewa da -or ke nuna mai aiki ba: door ƙofa ce, error kuskure ne.

Aikin gida: ɗalibai su nemo ma'anar visitor, editor da collector, su kai wa malaminsu.