Ciwon hawan ruwan ido: mi cimaka take iya yi?

Jama'a, akwai wani ciwon ido da ba ya yin zafi, ba ya sa ƙaiƙayi, ba ya sa kwantsa. Likitoci suna ce mishi gilokoma. Wasu mutane suna cewa hawan jinin ido, amma gaskiya ruwa ne yake hawa, ba jini ba.

Ga yadda abin yake. Cikin idon kowane mutum akwai wani ruwa garai-garai. Kullum ido yana yin sabo, tsohon yana fita ta wata ƴar ƙaramar hanya. In hanyar ta fara toshewa, sai ruwan ya taru, ya matse jijiyar da take kai gani zuwa ƙwaƙwalwa. Jijiyar tana mutuwa kaɗan-kaɗan. Gefen gani ne yake fara tafiya. Mutum yana ganin abin da ke gabanshi, amma ba ya ganin jakin da ya taho ta hannun hagu. Abin da ya mutu cikin jijiyar ba ya komowa. Yanar ido ana fiɗe ta, mutum ya sake gani. Wannan ciwo kuwa sai dai a tsaida shi inda ya kai.

Ya fi kama wanda ya wuce shekara 40, da wanda ubanshi ko uwarshi ko ɗan'uwanshi ya yi ciwon. Mu baƙar fata ya fi kama mu da wuri.

To, ina cimaka ta shigo? A Amurka likitoci sun bi mutane fiye da 100.000, shekara fiye da 25, suna rubuta abin da suke ci. A 2016 suka fito da sakamako. Waɗanda suka fi cin ɗanyen haki, wato koren ganye, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 20 zuwa 30 cikin 100. Koren ganye yana da wani sinadari mai suna nitrat. Jiki yana juya shi ya zama abin da ke buɗe hanyoyin jini, jini ya isa jijiyar ido sosai.

Ganye kuwa ba sai mun je birni ba. Muna da zogala, da alayyahu, da rama, da yakuwa, da lalo, da tafasa, da kuka. Tun da aka ƙarfafa noman rani bayan farin 1984, garake da yawa suna ba da salati da shu da karoti. Abin takaici, mai garka yakan kai duka kasuwa, gidanshi a ci tuwo da miyar ruwa. Ku rage ma gida kashi ɗaya. Uwargida, kada ki bar ganye yana tafasa har ya yi baƙi. In za ki shanya shi, shanya shi cikin inuwa. Ki sa ɗan mai ko ƙuliƙuli cikin kwaɗo, don wasu abubuwan amfani na ganye sai da maiƙo jiki yake ɗaukarsu.

Gyaɗa da kifi da hanta suna da bitamin B3. A 2017 an gwada shi bisa ɓeraye, ya kare jijiyar idonsu. Ana gwada shi bisa mutane. Amma kada kowa ya sayi ƙwayoyinshi ya sha barkatai, don da yawa yana ɓata hanta. Karoti da kabewa da mangwaro da gwanda suna ba da bitamin A. Shi maganin dundumi ne, ba na gilokoma ba. Kada a gama su.

Sha ma yana da doka. Manomi ya taso daga gona, ya ɗauki kwarya ya shanye lita guda a take: wannan yana tada ruwan ido na ɗan lokaci. Mai ciwon ya sha kaɗan-kaɗan, har lokacin buɗa baki. Gahawa mai ƙarfi ita ma tana ɗan tada shi, sai a rage.

Yanzu ga babbar magana. Ganye mataimaki ne. Bai iya buɗe hanyar da ta toshe. Abin da yake saukar da ruwan ido shi ne maganin ɗigawa da likita ya rubuta, ko aiki. Maganin ana ɗiga shi kowace rana, har iyakar rai. Wanda ya daina don ya ga ido ba ya ciwo, ruwan zai sake hawa bai sani ba. Wata azumi, mai ɗigawa sau 2 yana iya yi da sahur da bayan shan ruwa. Mai asma ya faɗa ma likita, don wani maganin, kamar timolol, bai dace da shi ba.

Ku kiyayi maganin ido na ƴan tebur. Wasu suna da kortizon, wanda shi kanshi yana tada ruwan ido. Haka kuma kada a matsa ruwan ganye ko albasa cikin ido. Ganye na tukunya ne.

Ba a gane wannan ciwo da kallo, sai da awo. Akwai masu duba ido a manyan asibitocin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai. Awon bai daɗewa. In an samu ciwon ga mutum ɗaya, ya tafi da ƴan'uwanshi na ciki ɗaya su ma a auna su.