Yadda Mai Jinyar Gigin Tsufa Zai Tattara Hankalinsa Ya Samu Natsuwa

Daga cikin jarrabawar da kan sauko wa gida a ƙarshen rayuwa, kaɗan ne suka kai gigin tsufa nauyi, watau ciwon nan na ƙwaƙwalwa mai cinye tunanin mutum sannu sannu har ya manta sunan 'ya'yansa da hanyar ɗakinsa, wanda likitan Jamus Alois Alzheimer ya siffanta nau'insa mafi yawa a shekarar 1906. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa masu fama da shi sun haura miliyan 55, kuma kimanin kashi 70 cikin ɗari na sa'o'in jinyarsu mata ne ke ɗauka. Sau da yawa kuwa matar ita kanta ta manyanta, ga ciwon gwiwa, ga hawan jini, ga barcin da ba ya cika, alhali duk wanda ya shigo gaisuwa jikin Malam mara lafiya yake tambaya, ba safai ake tambayar nata ba.

Hanyar da za mu bayyana, wani malamin kimiyya mai suna Jon Kabat-Zinn ne ya tsara ta a shekarar 1979 a makarantar koyon likitanci ta Jami'ar Massachusetts da ke Amurka, ya ɗauko asalinta daga riyalar mabiya Buddha, ya tuɓe mata aƙida, ya mai da ita darasin mako takwas da ake bitarsa minti 45 kullum. An jarraba ta a kan masu jinya, aka ga sauƙi matsakaici wajen damuwa da ƙuncin zuciya. Musulmi ba zai ji abin baƙo ƙwarai ba, domin malamanmu sun daɗe suna magana a kan halartar zuciya cikin salla, Imamu Gazali ma ya keɓe babi a kan muraƙaba cikin littafinsa Ihya'u. Amma fa wannan ba ibada ba ce, ba kuwa madadin zikiri ba, horon hankali ne kawai. A ganina minti 45 ya yi wa mai jinya yawa, minti goma da aka dawwama a kai ya fi.

Farkon abin shi ne zaɓen lokaci, kuma mafi dacewa bayan sallar asuba, kafin mara lafiya ya farka. A tabbatar an sa wa ƙofar gida sakata, an kawar da wuƙa da ashana da magunguna, domin zuciyar da ke fargabar tsoho zai fice ba za ta zauna ba. Sa'an nan a zauna yadda jiki zai yarda, ko bisa tabarma a jingina da bango, ko bisa kujera ƙafafu a ƙasa, a ɗora hannuwa a cinya, a lumshe ido.

Daga nan sai a mai da hankali ga numfashi, ba tare da an ja shi da ƙarfi ko an riƙe shi ba. A lura da sanyin iska yayin da take shiga hanci, da yadda ciki ke tasowa ya koma, a riƙa ƙirga kowace fita daga ɗaya zuwa goma, in an kai a sake daga fari.

A nan ne mafi yawan mutane kan karaya, saboda haka ya kamata mu dakata. Kafin a kai huɗu, lalle hankali zai gudu: ya tafi ga kuɗin magani, ko ga zanin gadon da ke jiran wanki, ko ga ɗan da ke Legas wanda ya yi alkawarin aike bai aiko ba, ko ga tambayar nan mai ɗaci, wai in ni na riga shi tafiya wa zai riƙe shi. Mai koyo sai ya ce ya kasa, alhali kuwa lokacin da ya farga cewa hankalinsa ya tafi, ya komo da shi, a lokacin ne ya aikata ainihin abin da ake nema. Hankali kamar akuya yake a turke, in ta ja igiya ba dukanta ake yi ba, janyo ta ake yi a hankali, ko da sau hamsin ne. A ambaci abin da ya zo da sunansa a zuci, a ce wannan tsoro ne, wannan fushi ne, kada a tsaya jayayya da shi, kada kuma a zargi kai don ya zo, sai a koma ga ɗaya.

Bayan mako guda ko biyu sai a ƙara bin jiki gaɓa gaɓa, daga yatsun ƙafa zuwa ƙwauri, da gwiwa, da ƙugu, da kafaɗa, har zuwa muƙamuƙi da goshi, ana tsayawa numfashi biyu ko uku a kowane wuri. Da yawa a nan ne suke gane cewa sun wuni da haƙora a cije, kafaɗu a ɗage. Inda aka iske ciwo a lura da shi, a wuce.

Amma fa'idar zaman asuba ba ta bayyana sai da rana, musamman da la'asar sakaliya zuwa magariba, lokacin da ruɗewar masu wannan ciwo ta kan tsananta. Ga Malam ya miƙe, ya ɗauki hularsa da sandarsa, ya ce, "Yaushe za mu tafi gida?" alhali a ɗakin da ya gina da hannunsa yake, kuma ya maimaita tambayar har ba iyaka. Uwargida ta ji zafi ya taso mata daga ƙirji, amsa mai kaifi ta iso bakinta. To, a nan ne za ta tsaya: ta ji tafin ƙafarta a ƙasa, ta saki numfashi uku, na fita ya fi na shiga tsawo, ta ce a zuci wannan gajiya ce, sa'an nan ta buɗe baki. Galibi abin da zai fito ya zama, "Malam, zauna ka sha kunu tukuna, ka ba ni labarin gidan." Ba ta yi masa gardama ba, domin hujja ba ta shiga ƙwaƙwalwar da ciwo ya taɓa, amma sautin murya yana shiga, shi ya sa sau da yawa natsuwarta kan kwantar da shi. Ranar da fushi ya riga ta, ta ɗaga murya, kada ta mai da abin hujjar barin horon, ta nemi gafara ta zauna gobe.

Haka kuma ana iya cusa wannan lura cikin ayyukan yini, kamar a ci dabino guda a natse ana jin taushinsa da zaƙinsa, ko a kula da ɗumin ruwa a hannu yayin yi wa tsoho wanka.

Akwai sharuɗɗa da bai halatta a ɓoye su ba. Wanda rufe ido ke tayar masa da firgita ko tsohon baƙin ciki, ya buɗe ido ya kalli ƙasa, ko ya yi abin a tafe cikin tsakar gida yana lura da takunsa. Wanda kuwa barci ya ƙaurace masa makonni, abinci ya fita ransa, ko ya fara jin gara mutuwa, ko ya ji hannunsa na neman kai wa mara lafiya duka, wannan ya wuce sha'anin numfashi, ya je asibiti ya gaya wa likita ƙarara. Kuma kada dangi su ga tsohuwa ta koyi natsuwa su ce ai ta iya, su janye jiki. A raba kwanakin jinya tsakanin 'ya'ya da jikoki, a ba ta aƙalla wuni guda a mako da za ta yi barci, ta je gaisuwa ko ta'aziyya, ta kuma je a auna jininta.