Sanin Ƙarshen Labari da Ba-Zata a Fina-finan Hausa

Gabatarwa

A Jikwoyi, kan titin Nyanya zuwa Karshi, na fara koyon Hausa, kuma rabin abin da na koya a gaban talabijin ɗin maƙwabtanmu na tsince shi. Uwargidan ba ta barin fim ya yi minti goma sai ta ce, "Ku sa ido, wannan yarinyar ce za ta aure shi." Galibi kuwa haka za a yi. Amma ban taɓa ganin ta tashi ta bar kallon ba. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin amsa tambayar da ke nan: in mai kallo ya san ƙarshen labari, me yake zaunar da shi?

Abin da Mai Kallo Ya Saba da Shi

Tun fitowar Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a Kano a 1990, fina-finan bidiyo na Hausa suka riƙa gina wa kansu hanyar da ake gane su da ita. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya nuna abubuwa uku da suka yi kaka-gida a cikinsu, wato soyayyar mutum uku, da auren dole, da rawa da waƙa, waɗanda tasirin fina-finan Indiya ya ƙarfafa. Fim irin Sangaya, wanda Ali Nuhu da Fati Muhammad suka fito a ciki, ya samu karɓuwa duk da cewa mai kallo yana hango inda soyayyar ɗan sarauta da 'yar aikin gida za ta dosa.

Wannan ba aibi ba ne. Yaron da aka ce wa "Ga ta nan, ga ta nanku" ya san halin Gizo tun kafin a fara. Ya san zai yi ha'inci, abin da bai sani ba shi ne dabarar yau. Ke nan sanin ƙarshe yana ba mai sauraro madafa, daɗin kuma yana cikin hanyar da aka bi.

Ba-Zata da Zullumi

Ya kamata ɗalibi ya rarrabe abu biyu. Ba-zata ita ce aukuwar abin da mai kallo bai yi tsammani ba. Zullumi kuwa shi ne mai kallo ya san wani abu da taurarin ba su sani ba, ya zauna cikin ɗar-ɗar yana jira. Alfred Hitchcock, daraktan nan ɗan Ingila, ya bayyana wannan a hirarsa da François Truffaut a 1962 da misalin bam a ƙarƙashin tebur. In bam ya tashi ba wanda ya sani, mai kallo ya firgita na 'yan daƙiƙu. In kuwa an nuna masa bam ɗin tun farko, to duk hirar da ake yi a teburin sai ta hana shi sakat. Haka abin yake idan mun ga kishiya ta zuba magani a abinci, sannan ga maigida yana wanke hannu. Shirye-shirye masu dogon zango irin su Daɗin Kowa da Labarina a tashar Arewa24 sun dogara da wannan, domin kowane mako ana tsayawa ne a inda ƙulli bai warware ba.

Ba-Zata Mai Tushe da Marar Tushe

Ba-zata mai kyau ita ce wadda aka shuka irinta tun da wuri. A fim ɗin Indiya na Sholay (1975), Jai, wato Amitabh Bachchan, yakan jefa kwabo idan za su yanke shawara shi da abokinsa Veeru, kuma kullum shi ke ci. Sai bayan mutuwarsa Veeru ya ga ashe fuskokin kwabon biyu iri ɗaya ne. Mai kallo ya yi mamaki, amma da ya waiwaya sai ya ga an nuna masa komai, shi ne bai lura ba.

Kishiyar wannan ita ce ba-zatar da ta faɗo daga sama. Marubuci ya ƙulla rikici ya rasa yadda zai warware, sai haɗarin mota ya kashe uwargida, ko wani tsoho ya bayyana ya ce ai talakan nan ɗan attajiri ne. Lallai mutuwa ba ta sallama a rayuwa, amma a labari komai yana neman dalili. In ƙaddara ce kawai ta raba gardama, to halayen taurarin ba su yi aikin komai ba, darasin da jigo yake ɗauke da shi kuma ya raunana.

Kammalawa

Mai nazarin zubi da tsari ba ya tsaya ga cewa fim ya ba shi mamaki ko bai ba shi ba. Ga aikin da za mu iya gwadawa. Mu zaɓi fim ɗaya, mu tsayar da shi bayan minti goma sha biyar, mu rubuta hasashenmu. In an gama, mu koma baya mu nemo fitowar da aka shuka ƙarshen a cikinta. In mun same ta, marubucin ya yi aikinsa, ko da hasashenmu ya dace. In ba mu same ta ba, to mun gano inda ginin ya tsage.