Ƙarancin Malamai a Firamaren Karkara da Abin da Mutanen Gari Za Su Iya Yi

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa gwamnati ba kowane yaro a Najeriya ilimin shekara tara kyauta, wato shida a firamare da uku a ƙaramar sakandare, kuma manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 35 a ajin firamare. Sai dai a ƙauyuka da dama na Arewa akan tarar da malamai biyu ko uku suna riƙe da aji shida, har ta kai hedimasta ya haɗa 'yan aji ɗaya da 'yan aji biyu a gindin darbejiya, ya rubuta musu baƙaƙe a allo, sannan ya garzaya wani ajin kafin hayaniya ta kaure.

Rashin ɗaukar sababbin malamai yana daga cikin dalilan, amma rashin adalci wajen rabon waɗanda aka ɗauka ya fi yin ɓarna, domin malamin da aka tura ƙauye, idan yana da uwa a gindin murhu, ba ya cika zango ɗaya kafin a mayar da shi cikin gari, inda wata makarantar take da malaman da suka yi mata yawa. Wanda ya zauna kuma, idan gidansa yana da nisa kuma kuɗin babur yana cinye albashinsa, sai ya riƙa zuwa kwana uku a mako.

A nan ne kwamitin gudanar da makaranta, wanda aka fi sani da SBMC, yake da aiki. Ya bambanta da ƙungiyar iyaye da malamai, domin ita ta iyayen yara ce da malamansu kawai, shi kuwa ya haɗa da wakilin mai gari, da malaman addini, da mata, da tsofaffin ɗalibai, har da wakilan ɗaliban kansu. Abu na farko da ya kamata kwamitin ya yi shi ne riƙe rubutaccen lissafi na yawan yaran kowane aji da ranakun da kowane malami ya zo, saboda sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, wanda ta hannunsa koke yake isa hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB), ya fi sauraron takarda mai alƙaluma da sa hannun dagaci fiye da ƙorafin baki. Na biyu shi ne samar wa malamin da aka turo masauki, ko da ɗaki ɗaya ne a gidan wani dattijo, tun da rashin wurin kwana yana cikin hujjojin da ake kawowa wajen neman canjin wurin aiki.

Ɗaukar malamin sa-kai da kuɗin karo-karo yana rage zafi, amma ya kamata a fifita ɗan gari mai takardar NCE, wadda ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a ƙasar, kuma kada karo-karon ya zama haraji da za a kori ɗan talaka saboda shi.

Iyaye ma suna da nasu alhakin, domin kwamitin da yake tuhumar malami da fashin aiki ba zai sami bakin magana ba muddin ana ɗora wa 'yan mata farantin talla ranar kasuwa, ana kuma janye yara maza zuwa gona da zarar damina ta faɗi. Ya dace a sa zaman kwamitin a lokacin da iyaye mata za su iya halarta, ko a ware musu nasu zaman a wani gida, tun da su ne suke sallamar yaro da safe.