Rage Ƙiba, Faɗuwar Sukarin Jini, da Nauyin da Yake Komowa

Karatu: 1 Sama'ila 14:24-32

Manufa: Iyalai su gane abin da yunwar dole take yi wa jiki, su san alamun faɗuwar sukarin jini, su kuma daina ɗora laifi a kan wanda ƙibarsa ta komo.

Gabatarwa

Tun da aka mai da mazaunin gwamnatin tarayya zuwa Abuja a watan Disamba na 1991, Suleja ta zama makwancin ma'aikata masu yawa. Akan bar gida da asuba domin a tsere wa cunkoson Madalla da Zuba, ciki ba komai. Da rana sai lemon kwalba da biskit, da dare kuwa a zauna wa malmalar tuwo ko sakwara, a kwanta a kai. Da haka teɓa take fitowa. Ranar da likita ya ce a rage, sai mutum ya yanke abinci gaba ɗaya. Kwana kaɗan jiki ya kama rawa, ya koma ci fiye da dā, bayan 'yan watanni nauyin ya dawo har da riba. A gida a ce ba shi da kamunkai, shi ma ya yarda da hakan. Amma maganar ta fi haka zurfi.

A cikin karatun yau, Sarki Saul ya hana mayaƙansa cin abinci har yamma. Jonatan, wanda bai ji rantsuwar ba, ya ɗanɗana zuma, nan da nan ya farfaɗo. Sauran kuwa da suka galabaita, sai suka auka wa ganima suna cin nama da jininsa. Hani mai tsanani shi ya haifi ci marar kan gado.

1. Faɗuwar sukarin jini

Ƙwaƙwalwa da sukarin da ke cikin jini take aiki. Idan mutum bai ci ba, hanta takan saki wanda ta adana, shi ya sa mai lafiya yakan wuni da yunwa ba tare da sukarinsa ya faɗi ƙwarai ba. Likitoci sukan ce sukari ya yi ƙasa idan na'urar gwaji ta nuna ƙasa da 70, ko 3.9 a na'urorin da suke amfani da ɗaya ma'aunin. Ƙasa da 54, wato 3.0, haɗari ne. Alamun su ne rawar jiki, zufa mai sanyi, bugun zuciya, jiri, saurin fushi da rikicewar tunani.

Ba kowace rawar jiki ce faɗuwar sukari ba. Tun 1938 wani likitan Amurka, Allen Whipple, ya kafa sharuɗɗa 3: a ga alamun, gwaji ya nuna sukari ya yi ƙasa a daidai lokacin, alamun kuma su gushe bayan an sha abu mai zaƙi. Wanda yake shan lemo duk sa'ad da ya ji kasala, ba tare da gwaji ba, yana iya ƙara wa kansa ƙibar da yake gudu.

Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne masu ciwon sukari da suke allurar insulin ko shan ƙwayar glibenclamide da danginta, idan suka sha magani suka ƙi cin abinci. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, da maganin kwinin, da shan barasa a kan yunwa, su ma suna saukar da sukari.

Idan abin ya faru kuma mutumin yana cikin hayyacinsa, a ba shi babban cokali 1 na sukari ko zuma, ko rabin kofi na lemon kwalba mai sukari. A jira minti 15, a sake gwadawa, in bai tashi ba a maimaita, sa'an nan ya ci abinci. Idan ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, gama zai iya shaƙewa. A kwantar da shi a gefe, a kai shi Babban Asibitin Suleja ko asibiti mafi kusa ba da jinkiri ba.

2. Me ya sa nauyi yake komowa?

Nauyin da yake sauka da sauri a makon farko yawancinsa ruwa ne, yakan kuma dawo da zarar an koma ci. Bayan wannan, jiki yana ɗaukar rashin abinci kamar fari ne, sai ya shiga tsimi.

A 1944 zuwa 1945, Ancel Keys na Jami'ar Minesota a Amurka ya yi bincike da samari 36 da suka ƙi ɗaukar makami saboda lamirinsu. Waɗansunsu 'yan Ikkilisiyar 'Yan'uwa ne, wadda masu bishararta suka fara aiki a Garkida a 1923. An rage musu abinci kamar da rabi har mako 24, suka zubar da kusan kashi 25 cikin 100 na nauyinsu. Tunaninsu duka ya koma kan abinci, suka zama masu fushi da baƙin ciki. Da aka sake su, da yawa suka yi ta ci ba ƙoshi, har kitsensu ya wuce na farko. Waɗannan kuwa mutane ne masu horon kai ƙwarai.

A 2011 masu bincike a Malbon ta ƙasar Ostireliya sun bi mutum 50 da aka sa su rage abinci sosai na mako 10. Bayan shekara 1, sinadarin da yake ta da yunwa yana nan sama da yadda yake a farko, wanda yake sanar da ƙoshi kuma yana ƙasa. Ko sababbin allurai irin su semaglutide ba su kawar da wannan ba: binciken 2022 ya nuna waɗanda suka daina allurar sun mai da kashi 2 cikin 3 na abin da suka rage a cikin shekara 1.

3. Hanyar da ta fi ɗorewa

Sannu ba ta hana zuwa. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2002, a kan mutum fiye da 3,000 masu dab da kamuwa da ciwon sukari, ya sa musu burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, da motsa jiki na minti 150 a mako. Kamuwa da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 90, wannan kilo 6 ne da 'yan kai, ba kilo 30 ba.

A karya kumallo, ko da alale ne ko dafaffen ƙwai da za a riƙe a ci a hanya. A rage malmalar tuwo, teba ko doya, a ƙara miyar ganye, zogale, rama, wake da kifi, gama suna daɗewa a ciki. A ajiye gyaɗa ko yalo a jaka. Ruwa ya maye gurbin lemo, a kuma rage sukarin shayi, kunu da zoɓo. A ci abincin dare da wuri, a sami barci isasshe. A yi hattara da shayin rage teɓa na kasuwa: an sha samun sibutramine ɓoye a cikin irin waɗannan kaya, maganin da aka janye a 2010 saboda illarsa ga zuciya. Mai ciki da mai shayarwa kada su rage abinci sai da shawarar asibiti. Tukunya ɗaya ta gyaru domin dukan gida, kada a ware mutum ɗaya da kwanonsa yana kallon na sauran.

4. Game da azumi

Azumi ibada ce, ba dabarar rage teɓa ba. Mai shan maganin sukari ya ga likitansa kafin azumin farkon shekara ko na kwana 40 kafin Ista, domin a daidaita masa magani. Idan alamun suka zo, ya karya nan take. Fastoci da shugabannin zumuntar mata su faɗi wannan a fili lokacin sanarwa, domin akwai dattawan da kunya za ta hana su tambaya.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Me ya sa mayaƙan Saul suka ci nama da jini, wa kuma ya jawo hakan?
2. Waɗanne kalmomi ake faɗa wa mai ƙiba a gida da suke karya masa gwiwa?
3. Wa ke shan maganin sukari a cikin iyali, kuma kowa ya san abin da zai yi idan ya fara rawar jiki?
4. Wane canji 1 iyali za su iya riƙewa har ƙarshen shekara?