Motarka Ba Ta Ganin Tirelar Da Ta Mutu A Kan Titi

Akwai wata magana da ta yi yawa a bakin dillalan mota, har ta fara zama gaskiya a kunnen masu saye. In suna so ciniki ya faɗa, sai su nuna wa mutum wani maɓalli a jikin sitiyari su ce, "Alhaji, wannan ai da kanta take tuƙi. Ka saita ta kawai, da ta hango mota za ta taka birki." Daga bakinsu maganar ta hau TikTok, inda za ka ga saurayi ya naɗe ƙafafu a kan kujera, mota na sheƙa gudu, shi kuma yana ɗaukar kansa da waya. Aikina wutar mota ne da na'urorinta, kuma duk lokacin da na ji wannan magana raina ɓaci yake yi, domin rabinta gaskiya ne, rabin da ake ɓoyewa kuwa shi ne mai kisa.

Abin da suke nunawa shi ne kurus mai rada. Kurus na gargajiya, mai riƙe wa mota gudun da ka sa mata, kowane direba ya san shi, ba sai na tsaya a kansa ba. Bambancin sabon shi ne an ƙara masa na'urar rada a hancin mota, galibi a bayan tambarin kamfani ko a ƙasan bamba, wani lokaci tare da kyamara a bayan madubin tsakiya. Yana auna tazarar da ke tsakaninka da motar gabanka, in ta rage gudu ya rage, in ta ƙara ya ƙara har zuwa iyakar da ka sa masa. Kamfanonin Japan ne suka fara fitar da irinsa a shekarun 1990, Mercedes ta biyo da nata mai suna Distronic a 1999. Da can sai motocin manya. Yanzu kuwa Corolla ta Amurka daga ƙirar 2017, da Camry da Accord daga ƙirar 2018, duk da shi suke fitowa daga masana'anta, kuma su ne suke ta shigo mana ta Legas da Kwatano. Shi ya sa matsalar ta zama tamu.

Na'urar tana da amfani, ba na musun haka. Wanda ya saba doguwar tafiya ya san yadda ƙafar dama ke yin tsami, kuma motar da ke riƙe tazara daidai ta fi direban da ke manne wa bayan na gabansa kamar zai shige masa but. Sai dai an gina ta ne don aiki guda ɗaya tak: bin motar da take tafiya. Raƙumi da akala ne, duk inda na gaba ya ja shi nan ya nufa. Abin da yake tsaye cak a kan titi ba ya cikin lissafinta, kuma a nan nake so mai karatu ya tsaya da ni sosai.

Rada tana aika sigina ne, ya bugi abu ya dawo, daga yadda ya dawo ta gane nisan abin da saurinsa. To a gefen kowane titi akwai dubban abubuwa da suke tsaye: gada, allon hanya, turken wuta, ƙarfen kariya, bishiya, motar da aka faka a gefe. Duk suna maido da sigina. Da motar za ta taka birki saboda kowane ɗaya, da ba za a yi tafiyar kilomita guda ba sai na baya ya daki mutum. Saboda haka injiniyoyi da gangan suka koya mata cewa in ana gudu sosai ta yi watsi da yawancin abin da ba ya motsi, musamman wanda ba ta taɓa ganinsa yana tafiya ba. Haka aka ƙera ta, babu abin da ya lalace, kuma kamfanonin sun rubuta wannan gargaɗi ɓaro-ɓaro a littafin mota, wanda mafi yawanmu ba mu taɓa buɗewa ba.

Yanzu ka ɗauki wannan ka ɗora a kan hanyar Kaduna zuwa Zariya bayan magariba. Ka saita gudu a kilomita 100, kana bin wata bas, motarka na riƙe tazara lafiya ƙalau. Can gaba tirela ta mutu a hannunku, ba fitila, ba alamar komai sai ganyen da yaron mota ya karyo ya zuba a kwalta. Direban bas ya hango ta, ya kauce. A wannan lokacin abin da motarka ta fahimta shi ne wanda take bi ya ba ta hanya, gaba ta buɗe. In da bas ɗin ya rage maka gudu zuwa 80, motarka totur za ta ba wa kanta don ta koma 100 ɗin da ka sa mata, ta nufi bayan tirela kai tsaye. Wannan shi ne abin da dillali bai faɗa maka ba.

Kada wani ya ce ai hasashe ne. A ranar 22 ga Janairun 2018, a garin Culver City da ke jihar Kalifoniya, wata Tesla da ke bin wata mota a kan babban titi ta yi daidai wannan. Ta gaba ta sauya hannu, Teslar ta ƙara gudu, ta daki motar kashe gobara da ke tsaye da fitilunta a kunne, da gudun kusan kilomita 50. Hukumar binciken haɗuran sufuri ta Amurka ta gano cewa gargaɗin karo bai fito ba sai da ya rage kamar rabin daƙiƙa. Wannan direba ya tsira. A Fabrairun 2024 kuma, a San Antonio ta jihar Texas, wata Ford mai lantarki da ke tafiya da irin wannan tsari, wanda ma ya fi na Camry ɗinka wayo nesa ba kusa ba, ta afka wa wata Honda da ta tsaya a tsakiyar titi da dare, direban Hondar ya rasu. A ƙasar da titinta ke da zane da fitila ke nan, inda mota ba ta kwana uku a mace a kan hanya.

Wani zai ce ai motarsa tana da birkin gaggawa mai taka kansa. Tana da shi, amma wannan wata na'ura ce daban, kuma ƙarfinta a gudun cikin gari yake. A gudun babbar hanya mafi yawan abin da za ta yi shi ne rage zafin karon, in ma ta farga ke nan. Shi kansa kurus an taƙaita masa ƙarfin birki don kada ya riƙa jijjiga fasinja, bai kai rabin abin da ƙafarka za ta iya takawa ba. Ga lissafin a sauƙaƙe: a gudun kilomita 100 mota na cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. In ka taka birki iya ƙarfinka a busasshiyar kwalta da tayoyi masu kyau, za ka tsaya cikin mita 50 ko kusa da haka. Birkin kurus kuwa sai ya ci sama da mita 100. Ka ƙara da lokacin da za ka ɗauka kafin ka sauko da ƙafar da ka naɗe a kan kujera ka lalubo birki. Duk daƙiƙa ɗaya da ka ɓata, mita 28 sun tafi.

Tirela ba ita kaɗai ce ke tsayawa a hanyoyinmu ba. Shingen jami'an tsaro na tsaye. Layin motoci a bayan wani haɗari na tsaye. Duk wanda ya ratsa Tafa ko Mararrabar Jos ya ga yadda manyan motoci ke cinye rabin titi. Garken shanu da ke tsallakawa a gicciye yake tafiya, rada ba ta ɗaukarsa a matsayin abin bi. Babur da ke raɓe a gefen hannu siriri ne, sau da yawa ba ta kama shi. Mota mai ɗauke da rodi ko katako da ya zarce bayanta da mita biyu ko uku, rada jikin motar take aunawa, ƙarshen rodin kuwa yana daidai gilashinka. Rami, tudun rage gudu, yaro mai talla, wanda ya biyo hannun da ba nasa ba, babu ɗaya da kurus ya sani. A kan kwana mai tsanani ma takan saki motar da take bi ta ƙara gudu, ko ta kama ta hannun gefe ta taka birki ba dalili.

Sai yanayi. Ruwan sama mai ƙarfi da laka a kan tambari suna toshe rada. Hazo da ƙura da hasken rana in ta sunkuyo suna makantar da kyamara, kuma irin Subaru da ta dogara da kyamara biyu ta fi jin wannan. Mota takan yi ƙara ta nuna rubutu a dashbod ta saki aikin, da Turanci, a lokacin da idonka ya kamata ya kasance a kan hanya. A jiƙaƙƙen titi kuwa ni ban yarda a kunna kurus kowane iri ba.

Akwai kuma laifin da yake namu, mu masu gyara da masu shigo da kaya, kuma ba zan rufe shi ba. Kaso mai yawa na motocin Amurka da ke zuwa nan daga gwanjon motocin da suka yi haɗari aka sayo su, kuma hanci ne ya fi shan bugu, daidai inda rada take zaune. Motar ta iso, mai bugun jiki ya miƙe ƙarfe, aka sa bamba, aka yi fenti, aka ɗaure rada da ido, wani lokaci da waya. Karkatar da ido ba zai gani ba, a nisan mita 100 ta isa ta sa na'urar kallon hannun gefe a maimakon naka. Toyota mai rada a bayan tambari, tambarinta sumul yake kamar an rufe shi da gilashi, don sigina ya wuce. Sau da dama nakan ga an maye gurbinsa da na kasuwa mai tudu da ƙyalli saboda ya fi araha. Haka gilashin gaba: a canja shi a mayar da kyamara, ba wanda ya yi zancen sake saita ta da kwamfuta. Wasu kuma su kafa ƙarfen kariya a gaban jif, ko su liƙa sitika a kan tambarin. Mafi muni shi ne wanda zai goge fitilar gargaɗi daga dashbod ana gobe za a kai mota kasuwa. Wannan ha'inci ne, kuma ran mutane ake wasa da shi. Babu takardar da ake tambaya a kan lafiyar waɗannan na'urori kafin mota ta hau titi, don haka nauyin ya koma kan mai saye.

Akwai abu uku ƙanana da suke rikita mutane. A Toyota in ka danne maɓallin kunnawa ka riƙe shi na ɗan lokaci, motar takan koma kurus na gargajiya wanda ba ruwansa da rada, haka Honda in ka riƙe maɓallin tazara. Alamar da ke dashbod takan canja kaɗan, wanda bai sani ba ba zai lura ba, yana zaune yana jiran birkin da ba zai zo ba. Wasu ƙirar kuma, irin Corolla ta 2017, suna sakin aikin gaba ɗaya in gudu ya sauko ƙasa da kilomita 40, su bar ka da motarka. Sannan motar Amurka da mil take lissafi. In ka ga 70 a allo, kilomita 113 kake yi, ka riga ka wuce 100 da Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa ta ƙayyade wa ƙananan motoci a manyan hanyoyi.

To me za a yi? Wanda ya sayi mota mai wannan na'ura, kafin ya taɓa maɓallin nan ya kai ta wurin da ke da kwamfutar gwaji da kayan saita rada, a duba ko an taɓa hancinta. In babu irin wannan wuri a garinsa, ya ƙyale maɓallin, motar za ta yi tafiyarta lafiya ba tare da shi ba. Ya nemi littafin ƙirar motarsa, ana samunsa kyauta a intanet, wanda bai iya Turanci ba ya sa a karanta masa shafukan gargaɗi. Ya fara gwadawa da rana, a hanya mai hannu biyu da ba cunkoso, ya ga yadda take kamawa da yadda take saki.

A kan hanya kuma, ka zaɓi tazara mafi tsawo. A Toyota mai matakai uku, mafi tsawo kusan mita 50 ne a gudun kilomita 80, mafi gajere mita 30. Na san ƙorafin: in ka bar fili wani zai kutso. Bar shi ya kutso, motar za ta ja baya ta sake buɗe tazara. Ƙafarka ta dama ta zauna a ƙasa kusa da birki, hannu biyu a sitiyari, ido can nesa gaba da motar da kake bi. Da ka ga na gabanka ya kauce ba zato, taka birki tukuna, ka ga dalilin daga baya. Taɓa birki kaɗai na kashe kurus nan take. Ka kashe shi in za ka shiga gari, kasuwar bakin hanya, shataletale, wurin aikin titi ko shinge. Kada ka danna maɓallin komawa tsohon gudu sai ka ga hanya da idonka. In barci ya fara fizgarka, kurus ƙara maka shi zai yi, domin ya ɗauke maka ɗan aikin da ke hana ka gyangyaɗi. Ka nemi wuri ka tsaya.

Da dare kuwa, a hanyoyinmu yadda suke a yau, shawarata ita ce kada a kunna shi sam. Masu gida da ke ba direba makullin irin wannan mota, ku zaunar da shi ku gaya masa wannan da bakinku kafin ya ɗauki iyalinku. Dillalai kuma, don Allah ku daina ce wa mutane mota tana tuƙa kanta.