Idan Ɗalibi Ya Kashe Ɗalibi, Shekarunsa Nawa?

A watan Yulin 2025 ɗalibai biyu suka rasa ransu a makarantar sakandare ta kwana da ke Bichi, jihar Kano, kuma waɗanda 'yan sanda suka kama 'yan uwansu ɗalibai ne. Da muna zancen a ɗaki wani ya ce, "A rataye su kawai." To, doka ba daga nan take farawa ba. Abin da take fara tambaya shi ne shekarun yaron ranar da abin ya faru.

Sashe na 50 na Final Kod ɗin Arewa ya ce yaron da bai kai 7 ba ba a kama shi da laifi. Daga 7 zuwa 12 kuwa sai an tabbatar yana da wayon sanin abin da ya aikata. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta kai iyakar yarinta shekara 18, ta kuma hana yanke wa yaro hukuncin kisa. Ba wai sakinsa za a yi ba. Ana iya tsare shi a gidan gyaran hali, irin na tarayya da ke Kaduna, Ilori da Abekuta. Sakkwato ta yi tata dokar kare yara a 2021, zamanin Gwamna Tambuwal.

Wanda yake ganin wannan duk aikin Turawa ne, ya koma Muwaɗɗa. A wurin Imam Malik babu ƙisasi tsakanin yaran da ba su balaga ba, gangancinsu hukuncin kuskure yake ɗauka, diyya kuma tana kan dangi. Jinin bai tafi a banza ba ke nan, wuyan yaron dai aka tsare.

Matsalarmu a Sabon Birni da Isa ita ce hujja. Da yawanmu a gida aka haife mu, ba wanda ya je Hukumar Ƙidaya karɓo takardar haihuwa. Wasu masu ita ma sun baro ta a ƙauye ranar da 'yan bindiga suka tashe su. In ba takarda, sai kotu ta dogara da ƙiyasin likita ko rantsuwar shekaru, kuma ɗan 16 mai jiki a ido ɗan 19 ne.

Hutun da ya wuce na tambayi Inna shekarar da aka haifi ƙanena da ke makarantar kwana. Ta ce, "Shekarar babbar ambaliya." Wato 2010, in dai ita take nufi.